Kukis ɗin ots da ruwan mapul: wai "nacural" ne, in ji su

1/ Zare ne mai tsawo, wanda ke sauri ya ajiye sai dare. Sati uku ina danne maganar nan saboda ta shafi 'yan gidanmu, to yau dai na kasa. A kan kukis ɗin ots da ruwan mapul ne da ake ta koya mana a bidiyo, da kalmar nan "nacural" da ta zama laya, da an rataya wa abu shi ke nan ya zama magani.

2/ Hutun da ya wuce na je gida Kusada bikin ɗiyar baffanmu. Matar wani yayanmu ta zo daga Abuja da roba biyu cike da kukis. Ta ce da hannunta ta gasa, "ko ƙwayar suga babu a ciki, mapul na sa, nacural ne, daga Kanada." Muka taru ana ta ɗanɗane. Maganar Allah akwai daɗi, wannan ban hana ta ba.

3/ Gwaggonmu shekara bakwai ke nan tana fama da ciwon suga. Ta bar shayi mai suga, ta bar lemon kwalba, har alkakin da ta fi so a duniya ta haƙura da shi. Da ta ji an ce babu suga sai ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo mani in ji abin Turawan." Anti da kanta ta ɗebar mata a leda, ta ce ta riƙa karyawa da shi.

4/ Kwana uku tana karyawa da shi, ta kuma taɓa da la'asar. A na huɗu ta tashi da jiri da ƙishirwa ba iyaka, fitsari kamar an kwance famfo. Muka ɗauki mota sai Kankiya. Da aka auna, sugan ya haura nesa da inda aka ce mata kar ya wuce. Ma'aikacin ya tambayi me ta ci. Ta ce, "Ni fa ban ci suga ba, ɗana. Nacural na ci."

5/ Dariya ta so kama shi ya danne. Ni kau kunya ce ta rufe ni, don a gabana aka ba ta, kuma ni ce 'yar jami'a a ɗakin, ban ce uffan ba. Alhamdu lillahi ta warware, an gyara mata magani mun dawo gida. Tun ranar nake bin diddigin abin nan, kuma abin da na samu ne zan zazzage maku.

6/ Kafin wani ya ce ina cin mutuncin Anti: a'a. Ba da mugunta ta yi ba. Ita ma haka aka koya mata a wani ajin girki na waya da ta biya kuɗi ta shiga. Faɗana da masu koyarwar ne, da masu sayarwa, da mu kanmu masu haɗiye duk maganar da ta zo a jikin kwalba da rubutun Turanci.

7/ Mu fara da shi mapul ɗin. Bishiya ce ta ƙasashen sanyi, ganyenta ne a tutar Kanada. A ƙarshen hunturunsu, lokacin da ƙanƙara ke daskarewa da dare ta narke da rana, ruwa ke gudu a cikin itacen. Sai a huda gindin a tara. Ruwan tsararo ne, sugan cikinsa wajen kashi 2 cikin 100.

8/ Daga nan sai dahuwa. A yi ta tafasawa ruwa na ƙonewa har ya yi kauri. Wajen lita 40 ta ruwan itacen ke ba da lita 1 ta abin da ke cikin kwalba. A dokar Kanada ba a kiran shi ruwan mapul sai sugan da ke ciki ya kai kashi 66 cikin 100. Wato kashi biyu cikin uku na kwalbar nan suga ne.

9/ Mafi yawan sugan kuma irin na rake ne dai, wanda masana ke kira sukuros, wanda muke jefawa a shayi. Babban cokali ɗaya na mapul yana ɗauke da suga wajen giram 12. Babban cokali ɗaya na farin suga ma wajen giram 12 ne. To don Allah ina "babu suga" ɗin yake?

10/ Za a ce ai yana da sinadarai masu amfani. E, akwai manganis da ɗan abin da ba a rasa ba. Sai dai manganis ɗin da ake tutiya da shi yana nan a gero da wake da gyaɗa, ba tare da an sha suga kafin a kai gare shi ba. Za a ce ba ya hawa jini da sauri kamar farin suga. Ratar kaɗan ce, ba ta kai a ba mai ciwo lasisin ci ba.

11/ A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan suga: kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wato wajen giram 50 ga babba. In an sauko zuwa giram 25, ƙananan cokula shida, ya fi. A lissafin nan zuma da duk wani ruwan zaƙi mai kauri da ruwan 'ya'yan itace kwando ɗaya aka zuba su da farin suga.

12/ Yanzu ga inda abin ya ƙara ba ni haushi. Bayan mun dawo na roƙi Anti ta turo mani hoton bayan kwalbar. Jama'a, ashe ma ba mapul ɗin ba ne. Abu na farko a jerin kayan haɗin shi ne "corn syrup", ruwan suga da ake yi da sitacin masara. Sai kala, sai ƙamshi. Hoton ganyen ne kawai a gaba.

13/ Ku riƙe wannan: a jerin kayan haɗi da abin da ya fi yawa ake farawa. Mapul na gaskiya abu ɗaya tak za ku gani a jerinsa. In kun ga layi uku na sunaye, ruwan suga ne mai turare. Amma kar a juya mani magana: ko na gaskiyar Anti ta sa, da sai mun kai Gwaggo Kankiya. Ku koma lamba 8.

14/ Kun san daga ina ƙamshin na jabun ke fitowa? Hulba. Wallahi hulba. Akwai wani sinadari a cikinta mai suna sotolon, shi ke ba da ƙamshin da ke kama da na mapul, kuma an daɗe ana amfani da ita wajen haɗa ƙamshin na kwaikwayo. Duk wadda ta taɓa shan hulba ta ji yadda zufarta ke sauyawa, ta riga ta san ƙamshin.

15/ Har labari ne a Amurka. Daga 2005 mutanen birnin Niyok suka riƙa jin ƙamshin mapul a iska jefi-jefi, wasu har suka tsorata ko hari ne. Sai a 2009 magajin garin, Michael Bloomberg, ya fito ya ce an gano tushen: wata masana'anta ce a jihar da ke maƙwabtaka da su ke sarrafa 'ya'yan hulba.

16/ To ku lissafa da ni. Anti ta biya farashin kayan waje ta sayi ruwan masara mai ƙamshin hulba. Masarar da ake lodawa tirela-tirela a Dandume da Funtuwa. Hulbar da ke ƙulle a leda gaban kowane mai kayan yaji. An zagaya da su ta jirgin ruwa, an liƙa masu ganye, mun miƙe tsaye muna tafi.

17/ Ga kuɗi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba ta haura 1,500 a 2024. Duk abin da ya shigo ta teku ya bi ta. Kuɗin 'yar kwalbar da Anti ta faɗa mani, in aka shiga kasuwar Charanchi da shi, geron da za a auno zai riƙe gidanmu fiye da sati.

18/ Sai ots, wanda muka fi sani da kwaka saboda gwangwanin Quaker. A nan zan yi adalci, hatsi ne mai kyau. Yana da wani irin harza mai yauƙi da ake kira beta-gulukan, wanda ke rage mugun kitsen jini. Tun 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta hakan a jikin kwalinsa.

19/ Amma ana maganar giram 3 ne na harzan a yini, kusan kofi ɗaya da rabi na dafaffen ots. Shi kukis fa? Ots ne aka cuɗa da bota da fulawa da ƙwai da ruwan zaƙi. Kafin ki tara giram ukun nan daga kukis, botar da sugan da kika ci sun riga sun cinye ribar. Biskit ne, a kira shi biskit.

20/ Kuma ots ba ya son ƙasarmu. Hatsin sanyi ne, Kanada da Rasha ne kan gaba wajen noma shi. Ke nan a kukis ɗin nan hatsin baƙo ne, zaƙin baƙo ne, fulawar ma mafi yawan alkamarta shigo da ita ake yi. Ƙwan ne kawai namu, sai gumin mai gashi.

21/ Kashi na biyu na labarin, wanda ya fi ci mani rai. Amaryar tamu ta kafe a kan ba ta son nakiya da alkaki a gararta. Wai kayan ƙauye ne, ƙawayenta za su yi mata dariya. Kukis da kek take so, a jera a kwali mai kintinkiri. Yarinyar da a gabana ta sha kuka a kan gutsuren alkaki tana 'yar firamare.

22/ A unguwarmu akwai wata tsohuwa da muke kira Iya. Ita ta yi alkakin garar innarmu, ita ta yi na yayyenmu. Da kuɗin alkaki da nakiya da dubulan take riƙe jikoki uku marayu. Aikinta na lokacin biki ne, bayan kaka da bayan sallah. In aikin gara ɗaya ya kuɓuce mata, kuɗin makarantar zango guda ne ya tafi.

23/ Ita aka so a tsallake saboda kwali mai kintinkiri. Alhali nakiyarta, garin shinkafa da zuma ko suga da man shanu da citta da kanumfari da masoro, tana wata da watanni a kwalla ba firij ba komai. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙon sallah, wannan ilimi ne. Kukis ɗin Anti sati bai cika ba suka yi laƙwas.

24/ Da ƙyar uwar amarya ta sa baki aka raba aikin biyu, Iya ta samu rabi. Ranar da aka kai gara, tsofaffin dangin ango suna buɗe kaya abin da suka fara tambaya shi ne, "Ina nakiyar?" Rabin da aka yi bai zagaya ba, sai da aka yi ta ba da haƙuri. Iya dai rabin kuɗinta ya riga ya tafi.

25/ Yanzu tambaya. A cikinku wa ya taɓa shan maɗi? 'Yan ƙasa da shekara ashirin da biyar, ku amsa tsakani da Allah. Na tabbata da yawa sunan ma sai a bakin kakanni. To maɗi shi ne ainihin takwaran mapul a ƙasar Hausa, zaƙin bishiya da aka dafa har ya yi kauri.

26/ Ɗinya ake samu wadda ta nuna ta yi baƙi, a jiƙa, a murje, a tace, a ɗora a wuta a yi ta dafawa har ruwan ya ƙone ya bar baƙin zaƙi mai danƙo. In aka ci gaba da dahuwa a ja shi, ya zama alewa. Ku koma lamba 7 da 8 ku gwada. Dabara ɗaya ce, su daga jikin itacen, mu daga 'ya'yansa.

27/ Su sun sa tasu bishiyar a tuta. Mu kau ɗinyar da ke bakin gonarmu ta hanyar Mawashi, wadda muka yi ƙuruciya muna tsintar 'ya'yanta, bara na je na tarar da kututture. An sare an yi gawayi. Ba wanda ya dasa wata. Nan gaba sai mu nuna wa yara hoton ɗinya a waya kamar yadda ake nuna mana hoton mapul.

28/ Ga mazarƙwaila. A ƙasar Zazzau, wajajen Maƙarfi da Ikara da Kudan, ana matse rake a dafa ruwan a zuba a mazubi ya daskare. Ba a tace ta har ta yi fari, shi ya sa take da wannan ƙamshin. Irinta ce Indiyawa ke kira jagari, mutanen Kolombiya ke kira panela, kuma a kantunan Turai tana layin kayan masu kula da lafiya.

29/ A nan zan taka burki, don na san halinmu. Kar wani ya ɗauki zaren nan ya je ya ɗura wa mai ciwon suga mazarƙwaila ya ce ai ta gargajiya ce. Mazarƙwaila suga ce. Maɗi suga ne. Zuma wajen kashi 80 cikin 100 suga ce, ta ma fi mapul. Busasshen dabino fiye da rabinsa suga ne. Jini bai san tuta ba.

30/ Na san za a kawo mani Suratun Nahli a kan zuma. Na yi imani akwai waraka a cikinta, ba na jayayya. Amma ba inda aka ce mai ciwon suga ya zauna da kwalba yana sha kamar ruwa. Magani ma da awo ake shan shi. Mai ciwo ya tambayi likitansa nawa jikinsa zai ɗauka, har dabinon buɗa-baki.

31/ Matsayata ke nan. In za mu ci zaƙi, mu san zaƙi muke ci, mu ci kaɗan. Tunda kuma duk suga ne, ban ga dalilin da za mu tura kuɗin Kanada ba alhali mai rake na Maƙarfi da mai zuma da Iya suna nan. Ƙarya biyu nake yaƙa: wai na waje ba suga ba ne, da wai namu abin kunya ne.

32/ Masu cewa namu ba tsafta, ban ƙi taku ba. Na ga mazarƙwaila a tire ƙuda na bin ta. Na tauna tsakuwa a fura. Na sayi zuma a tasha na tarar narkakken suga ne. Duk gaskiya ne. Amma wanda ɗakinsa ke yoyo ai gyaran rufi yake yi, ba ya komawa haya a gidan maƙwabci har abada.

33/ Ku ga yadda masu mapul suka gyara nasu. Asalin sana'ar ta 'yan asalin ƙasar ce tun kafin zuwan Turawa, a daji ake dafawa kamar maɗinmu. A lardin Kwibek, wanda shi kaɗai ke samar da wajen kashi 70 cikin 100 na mapul ɗin duniya, manoman sun haɗa ƙungiya tun 1966. Suna da ma'aunin inganci, suna daidaita farashi tare.

34/ Har rumbun ajiya gare su, ganguna dubbai, don shekarar da bishiya ba ta ba da ruwa ba. Darajar abin ta kai tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka kwashe wajen tan 3,000 daga wani ɗakin ajiyarsu, na sama da dalar Kanada miliyan 18. Maɗi fa ake magana, jama'a. Maɗi ne aka yi wa fashi irin na banki.

35/ A 2021 da aka samu ƙarancinsa, rumbun suka buɗe suka fitar da kusan rabi, kasuwa ba ta girgiza ba. Mu fa? Manominmu yana sayar da gero da kaka a arha don biyan bashin taki da hidimar biki, ya dawo tsakiyar damina ya saye shi da tsada a hannun wanda ya ɓoye. Wannan ya kamata mu kwaikwayo daga Kanada, kwalbar su riƙe abinsu.

36/ Abin haushin, su sun san darajar namu. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a ƙasashenta, garin kwalba da nonon da muke sha muna yara. A 2018 ta amince da acca. Wani mai girki ɗan Senegal, Pierre Thiam, yana sayar da acca a manyan kantunan Amurka da sunan Yolélé.

37/ Zoɓonmu ana loda shi zuwa Meziko. Ayar da ake nomawa a Nijar tana tafiya Sifaniya ana yin irin kunun ayarmu da ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya. Najeriya da Nijar suna sahun gaba a noman gero a duniya. Mu a shekarar muna koyon kukis ɗin ots.

38/ Geron nan shi ke yi a jigawar da masara ke ƙi, da ɗan ruwan da Allah Ya ba mu, cikin wata uku ya nuna. Yana da ƙarfe da harza, in ba a surfe shi an kwashe dusar duka ba. Na rantse ranar da za a dawo mana da shi a kwali da sunan Turanci, waɗanda ke yatsina wa fura fuska su za su fara yin bidiyo.

39/ Ba masana muka rasa ba. Cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri tana aiki a kan gero, ta Samaru a kan dawa da gyaɗa da wake, ta Badeggi a kan rake da acca. Mu ɗalibai fa, musamman 'yan kimiyyar abinci? Wa zai yi furojet a kan maɗi: nawa sugansa, wata nawa yake yi, yaya za a zuba shi a kwalba da tsafta?

40/ Don kar a ce baki kawai gare ni, na gwada. Karon farko garin gero zalla na sa, suka fito kamar ɓangaren katanga, ana taɓawa suna rugujewa. Ƙannena suka yi ta mani tsiya. Gero ba shi da danƙon da alkama ke da shi. Ots ma haka yake, shi ya sa masu yin nasu ke ƙara fulawa da ƙwai. A karo na uku na dace.

41/ Ga awon. Gero a wanke a rege, a shanya, a soya sama-sama a kasko ba mai, a niƙa da ɗan tsaki-tsaki: kofi 2. Fulawa kofi 1. Dakakkiyar soyayyar gyaɗa rabin kofi. Man shanu rabin kofi. Ƙwai 2. Mazarƙwaila a narka da ɗan ruwa a tace: rabin kofi. Bekin foda ƙaramin cokali 1, garin citta da kanumfari, ɗan gishiri.

42/ A cuɗa, a bar shi ya huta kamar minti 20, a mulmula a danne da tafin hannu. Ba mu da oben, don haka tukunyar yashi na yi: yashi mai tsafta a ƙasa, ya yi zafi, a ɗora faranti a kan duwatsu uku, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfin. Minti 15 zuwa 20. In gefen ya yi ja a sauke, sai sun huce suke ƙarfi.

43/ Ƙamshin soyayyen gero da man shanu ya sa har maƙwabta suka aiko yara. In ban da fulawa da bekin foda, komai a nan kusa aka noma shi ko aka tatso shi. Amma ku ji da kyau: Gwaggo ko ɗaya ban ba ta ba. Ta yi ta mita, na ce, "Gwaggo ki yi haƙuri, wannan ma suga ne." Gyaɗar da na rage na ba ta.

44/ Mai cewa kuɗina ne, abin da na ga dama zan ci: ƙwarai kuwa. Ki sayi mapul na gaskiya, ki gasa, ki ci, Allah Ya sa albarka. Ni ma in na samu zan taɓa. Iyakar haƙƙinki ke nan. Ba ki da haƙƙin cewa babu suga a ciki, kuma ba ki da haƙƙin kiran sana'ar uwar wani ƙauyanci.

45/ Masu koyar da girki a waya, don girman Allah ku daina rubuta "ba suga" a kan abin da aka zuba wa zuma ko dabino ko mapul. Ku rubuta "ba farin suga, amma akwai zaƙi". Mutane na ɗaukar maganarku kamar ta likita, suna kai wa iyayensu marasa lafiya. In ba ku sani ba ku tambaya kafin ku karɓi kuɗin aji.

46/ Amare da iyayen amare: ku sa kek da kukis ɗinku, ba wanda ya hana. Amma ku bar wa masu alkaki da nakiya kasonsu cikakke, ku biya su ba tare da ja-in-ja ba, yadda kuke biyan mai kek kafin ma ta kunna wuta. In tsafta ce damuwar, ku sayo robobi masu murfi ku kai masu.

47/ Masu mai ciwon suga a gida: duk abin da aka kawo aka ce na masu suga ne, ku juya bayansa ku karanta. In na hannu ne ku tambayi me aka sa ya yi zaƙi. In akwai abin awo a gida, a auna bayan awa biyu da ci. Kar ku yi shirun da na yi don kunyar matar yaya.

48/ Iya ta ce in ɗinya ta nuna bana in zo ta koya mani dahuwar maɗi, in dai na samo 'ya'yan. To wanda ya san inda bishiyar ta rage, ko inda har yanzu ake dafa maɗi tsakanin Kusada da Ingawa da Kankiya, ya faɗa mani a ƙasa. Anti, in kin ga zaren nan ki yi haƙuri, na san yau sai an kai ƙarata wajen Yaya.